KAI AMARYA ARGUNGU: ABIN DA IDONA YA GANO MINI A ƘASAR KANTA

Kafin mu shiga zance bari in yi muku wani kacici-kacici, wadda ta sani kada ta raɗa wa ta kusa da ita. Sarkin Kabi a wane gari yake zaune? Na san da yawanku za ku yi caraf ku ce, "Haba Anti, wannan ai ko ɗan firamare ya sani, a Birnin Kebbi mana." To kun faɗi, ku ba ni gari. Sarkin Kabi a Argungu yake. Wanda ke zaune a Birnin Kebbi kuwa Sarkin Gwandu ne. Kada wadda ta ji kunya, domin ni ma da nake cika muku baki, sai da wata yarinya 'yar aji biyar na sakandare ta kwance mini zani a kasuwa a kan wannan tambaya, ranar da muka kai amarya Argungu.

Amaryar ƙanwata ce, 'yar ƙanen babanmu. A makaranta suka haɗu da yaron, ɗan asalin Argungu, yana aikin koyarwa a Birnin Kebbi. Yaro mai hankali da kunya, ba wanda ya taɓa kama shi da wani abin assha. Amma da maganar aure ta taso sai gida ya rabu biyu. Mu 'yan mata namu tsiya ce kawai, muna ce mata matar masunci, za ki je ki dawo kina ƙarnin kifi, ko turaren Makka ba zai fitar ba. Muna faɗa muna dariya, ba mu san abin yana cin ta a rai ba. Ta Gwaggo kuwa ba wasa a ciki. Kakanninmu daga ƙasar Gwandu suka taso suka zo Kano, kuma Gwaggo ita ce ta riƙe wannan asali kamar ranta. Cewa ta yi, "Duk mazan duniya a rasa wanda za a ba yarinyar nan sai Bakabe? Mutanen da kakanninmu suka ƙare rayuwarsu suna fama da su?" Muka dubi juna, don wallahi a cikinmu ba wadda ta san wane fama take nufi. Da iyaye maza suka yanke magana aka ɗaura aure, sai ya zamana ita ɗin ce dai babbar uwa da za ta riƙe hannun amarya ta kai ta. Ta shiga mota fuskarta a murtuke kamar hadarin gabas.

Tun da asuba muka bar Kano, muka bi ta Funtuwa, Gusau, Talatar Mafara, muka faɗa Sakkwato, sannan muka ɗauki hanyar Argungu, tafiyar kamar kilomita 100 daga nan. Direba bai yarda an tsaya dogon hutu ba, domin a shekarun nan ba mai hankalin da ke bari dare ya yi masa a hanyar Zamfara. Amarya tun daga Kano take kuka. Kukan amarya ai al'ada ne, amma nata na daban ne. Can wajen Mafara ta matso kusa da ni ta ce, "Yaya, wai da gaske ƙauyen masunta za ku kai ni ku baro?" Na rasa amsar da zan ba ta, don ni ma iyakar sanina da Argungu hoton maza cikin ruwa da gora a talabijin.

Mun kuwa sha mamaki. Tun kafin a shiga gari ido yake cika da kore, fadama shimfiɗe iya ganinki, shinkafa ce ko'ina, ga mutane tsamo-tsamo cikin ruwa suna aiki. Gulbin da ya baro Sakkwato, wanda Rima ta zuba a cikinsa, shi ne ya ratso nan ya wuce ta Birnin Kebbi ya je ya faɗa Kwara. Mutanen wurin Gulbin Kabi suke ce masa. Aka tarbe mu da guɗa, aka sauke mu, aka kawo tuwon shinkafa da miyar ɗanyen kifi wadda har yau in na tuna sai yawuna ya tsinke. Hausarsu ma abin saurare ce. "Mi kike so?" "Shina nan tahe." "Kun kwan lahiya?" Unguwa kuma shiya suke ce mata. 'Yan matanmu suna ta ƙunshe dariya, su ma 'yan matan gidan suna ƙunshe tasu in mun yi magana. Ashe kowa da abin dariyarsa a kunnen wani.

Kun dai san yadda kai amarya yake a wurinmu. A tafi gari mai nisa, a kwana biyu a ɗaki ɗaya ana jere da gulma da kwatanta lefe, a shigo mota a dawo. In an tambaye ki me kika gani a garin, sai ki ce gadon amarya da labulenta. Ni kaina na kai amare Zariya da Katsina da Haɗeja, amma ban taɓa taka ƙofar wani wurin tarihi ba. Wannan karon ƙanwar ango ce ta ɓata mana lissafi. Yarinya ce siririya, mai ɗan kaifin baki, ita ce 'yar aji biyar ɗin da na faɗa muku. Washegari da hantsi ta leƙo ta ce, "Anti, ku da kuka taho tun daga Kano, za ku koma ba ku ga Gidan Nabame ba?" Na ce wane ne kuma Nabame, wani attajiri ne? Ta riƙe baki. Daga nan ta jefo mini tambayar Sarkin Kabi, na ba da amsar da kuka bayar, yara suka kwashe da dariya. Na ce to ai shi ke nan, ɗauko mayafinki mu je.

Mu bakwai muka fita, da wani ƙanen ango da ya raka mu. Gwaggo ta ce ba inda za ta. Amma muna kaiwa bakin zaure sai ga ta da carbinta, wai ba za ta bar 'ya'yan mutane su yi ta yawo a garin da ba su sani ba.

Gidan Nabame shi ne ake kira Gidan Tarihi na Kanta. Tsohuwar fadar sarakunan Kabi ce, ginin ƙasa irin na da, mai kaurin bango, wanda in kin shiga sai ki ji sanyi ya ratsa ki ko da ana tsala rana a waje. Nan sarakuna suka zauna har shekarar 1942 da aka koma sabuwar fada, sannan a 1958 aka buɗe shi ya zama gidan tarihi. Sassa goma sha ɗaya aka kasa shi. Akwai masu da takubba, kwari da baka, bindigogin gargajiya, layu da guraye na yaƙi, ga manyan ganguna da tambura. Abin da ya fi sanyaya mini jiki shi ne, a cikin gidan nan ake binne sarakunan Argungu. Wato ba ɗakin ajiye tsofaffin kaya kawai kika shiga ba, gidan mutane kika shiga, masu gidan kuma suna kwance a ciki. Saboda haka duk wadda Allah ya kai ta, ta shiga da sallama da sutura ta mutunci, ta rage murya, kada kuma ta ɗaga waya ta hau ɗaukar hoto sai ta nemi izini. Ɗan abin goro ga mai yi muku bayani ma ba laifi ba ne.

Shi mai bayanin, wani dattijo mai tsagen Kabawa a kumatu, da Kanta ya fara. Muhammadu Kanta shi ne ya kafa daular Kabi shekara ɗari biyar da 'yan kai da suka wuce. A lokacin babu daular da ta kai Sanwai ƙarfi a yammacin ƙasashen nan, sarkinta kuma shi ne Askiya Muhammadu. Wajen 1515 Kanta ya bi Askiya yaƙin Agadas, aka ci nasara. Da aka zo rabon ganima sai aka yi masa ƙwauro. Kanta ya ce in haka ne ba shi ba biyayya. Askiya ya turo runduna a ladabtar da shi, rundunar ta koma da kashinta a hannu. Tun daga ranar Kabi ta tsaya da ƙafarta, tsakanin Sanwai a yamma da Barno a gabas, ba ta rusuna wa kowa ba. Ya gina birane, babbansu Surame, mai ganuwar dutse, wadda kufanta yana nan har yau a ƙaramar hukumar Binji ta jihar Sakkwato, kuma tun 1964 gwamnati ta sa shi cikin wuraren tarihi na ƙasa. An ce Kanta yana da jirgin ruwa da aka lulluɓe da tagulla, mutum hamsin ke tuƙa shi, da damina a ciki yake zagaya ƙasarsa. An kuma ce a hanyarsa ta dawowa daga yaƙin Barno aka harbe shi da kibiya a ƙasar Katsina, aka ɗauko gawarsa har Surame. Wata ƙawar amarya Bakatsiniya ce, tana jin haka ta ce, "Ashe mu muka gama da shi." Dattijo ya yi dariya ya ce ai Katsinawa taubasan Kabawa ne, don asalin Kanta ma ta wajensu ake jawo shi, saboda haka ta faɗi abin da ta ga dama, ba mai cin tararta.

Na saci kallon Gwaggo. Tana jan carbi, ta kau da kai kamar ba ta saurare, amma na lura ta matso.

Wajen shekarar 1700 Kabawa suka bar Surame suka mai da Birnin Kebbi babban birninsu. To ga inda amsar kacici-kacicinmu take. Da jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya tashi a 1804, shekara ɗaya tak bayan haka, a 1805, rundunar jama'a a ƙarƙashin ƙanensa Malam Abdullahi ta ci Birnin Kebbi. Sarkin Kabi Muhammadu Hodi ya fita da waɗanda suka ƙi miƙa wuya, aka ci gaba da gwabzawa shekara da shekaru. Bayansa Sama'ila, wanda ake kira Karari, ya kafa zama a Argungu. Sunan garin ma akwai masu cewa daga kiran a yi gungu ya samo asali, wato a taru wuri ɗaya. A 1831 rundunar Sakkwato da ta Gwandu suka haɗu suka taso masa. Nan muryar dattijo ta sauya. Ya ce da Karari ya ga ba mafita, sai ya umarci ɗansa Yakubu ya tsere don kada gidan ya ƙare, shi kuwa ya sauka daga doki, ya shimfiɗa garkuwarsa ya zauna a kai kamar mai zaman tahiya, ya jira ajalinsa.

Wurin ya yi tsit. Ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba. Ni da nake jin kaina jikar Gwandu, ga ni ina kukan Sarkin Kabi.

Wannan Yakubun shi ne Nabame mai gidan. An kama shi daga baya aka kai shi Sakkwato, aka bar shi da ransa, ya zauna a hannun Sarkin Musulmi shekara goma sha takwas. An ce a wani yaƙi ya ceci ran ɗan Sarkin Musulmi Aliyu Babba, shi ya sa aka sassauta masa aka bar shi ya koma ƙasarsu. A 1849 ya ɗaga tutar Kabi a Argungu, Kabawa da Arawa da Zabarmawa suka mara masa baya. Tun daga nan har zuwan Turawa ba a sake cin Argungu da yaƙi ba. An taɓa yin sulhu na 'yan shekaru a zamanin Sarki Abdullahi Toga, wanda ake kira Lafiyar Toga, amma wutar ta sake tashi, musamman a zamanin Sarki Sama'ila, wato Sama, ɗan Nabame, wanda ya yi sarauta daga 1883 zuwa 1915. Ku lissafa da kanku, daga 1805 zuwa shigowar Turawa kusan shekara ɗari ke nan ana abu ɗaya, tsakanin garuruwan da yau mota ke haɗa su cikin awa guda. Wannan shi ne faman da Gwaggo take nufi. Ba ƙarya ta yi ba. Abin da ba ta taɓa ji ba shi ne yadda labarin yake a bakin ɗaya ɓangaren, da kuma yadda aka ƙare.

Ƙarshen kuwa a bakin ruwa yake, can yarinyar nan ta ja mu. Matan Fada sunan wurin, wani reshe ne na gulbin a gefen gari. Da muka je ba lokacin biki ba ne, ruwa kwance lumui, sai tsuntsaye da wani yaro a kwalekwale. Na ce yanzu nan ne wurin da duniya ke tururuwar zuwa? Ta ce nan ne, kuma shirun da kike gani da gangan ne, don ba a yarda kowa ya yi su a wannan yanki ba sai ranar gasa, shi ya sa kifin ke samun sukunin girma. Akwai Sarkin Ruwa mai kula da wannan doka.

A shekarar 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo ziyara Argungu. Ku tsaya ku auna abin: jikan masu jihadi ya zo baƙunci gidan jikokin Kanta, ba da doki da mashi ba. Kabawa suka yi shawarar da me za su karrama wannan baƙo, sai suka ga ba abin da ya fi su nuna masa abin da suka gada, wato ruwa. Suna da tsofaffin al'adunsu na gyaran ruwa da fashin ruwa tun kaka da kakanni, sai aka shirya gagarumin su don girmama shi. Daga wannan ziyara bikin kamun kifi na Argungu ya samo asali. Ashe abin da muke gani a talabijin muna cewa wasan masunta, bikin sulhu ne.

Kwana huɗu ake yi, tsakanin ƙarshen Fabrairu da Maris. Akwai abin da suke kira kabanci, wato gwanintar ruwa: tseren kwalekwale, nutso, kamun agwagwar ruwa, kamun kifi da hannu. Ga kokawa da dambe da nunin amfanin gona. Ranar ƙarshe dubban maza ke jeruwa nesa da gaɓa, kowa da homarsa da ƙaton gora. Ana buga bindiga sai su kwasa a guje su faɗa ruwa. Goran shi ne abin hawa, a kansa mutum ke kwanciya yana yawo bisa ruwa, a cikinsa kuma yake zuba abin da ya kama. Cikin kamar awa ɗaya ake so a ga wanda zai fito da kifi mafi nauyi, yawanci giwan ruwa. A 2005 wanda ya ci gasa kifinsa kilo 75 ne. Ku kwatanta da buhun shinkafa mai kilo 50, buhu ɗaya da rabi ke nan, kuma da rai, yana fizga. A 2016 hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa bikin cikin jerin al'adun da duniya ke alfahari da su. An yi kusan shekara goma ba a yi shi ba, aka dawo da shi a 2020, inda kifin da ya zo na ɗaya ya kai kilo 78.

Na tambayi yarinyar, mata fa? Ta ɗan ɓata fuska ta ce mata ba sa shiga gasar, nasu waƙa da guɗa da ƙarfafa gwiwa daga gaɓa. Ta ce amma kifin in ya fito ruwa hannun wa yake komawa? Wa ke gyara shi, wa ke banda, wa ke suya, wa ke turara shinkafar da ake ta yi wa Kebbi kirari da ita? Na ce yarinya, Allah ya kai ki jami'a. Ni dai a raina na so a ce a gidan tarihin nan an ware ɗaki guda na matan Kabi, don a cikin masu da takubban nan ban ji an ambaci sunan mace ko ɗaya ba, alhali wani ne ya daka garin da mayaƙan suka tafi da shi.

Da muka dawo gida na tarar da amarya ta haɗa kai da gwiwa. Na zauna na kwashe labarin nan kaf na faɗa mata, tun daga ganimar Agadas har garkuwar Karari. Na ce ke, ba ƙauyen masunta muka kawo ki ba. Mutanen nan suna da sarauta tun kafin a haifi kakan kakan kakanmu, kuma masuncin da muke yi miki tsiya da shi, shi ne ya sa Turawa da Larabawa suka san sunan garin. Na roƙe ta gafarar tsokanar da muka yi mata. Ba ta ce komai ba, amma ta ɗago ta ce in sake faɗa mata wurin da uban ya ce wa ɗansa ya gudu.

Rana ta uku muka tafi Birnin Kebbi ganin gidan da za ta zauna da yin jere, tafiyar kamar kilomita 50. A hanya aka nuna mana Alwasa, inda aka yi wani mummunan yaƙi a 1805 wanda jama'ar Shehu suka yi asarar mutane da yawa. Yau gari ne kamar kowane, yara na tallar mangwaro a bakin titi. Sai Ambursa, inda filin jirgin sama na Sir Ahmadu Bello yake. Ita Birnin Kebbi gari ne mai natsuwa, ba hayaniya da cunkoso irin namu na Kano. Ta zama babban birnin jiha ranar 27 ga Agusta 1991, da gwamnatin Janar Babangida ta cire Kebbi daga jihar Sakkwato, aka haɗa masarautu huɗu: Gwandu, Argungu, Yawuri da Zuru. In kina son ganin sabon gari sai ki bi ta Gesse, in tsohon kike so sai ki shiga su Takalau da Makerar Gandu. Muka wuce ta ƙofar fadar Sarkin Gwandu, wadda ke ɗauke da sunan Abdullahi Fodiyo. A farkon zamanin Turawa ne sarautar Gwandu ta dawo nan da zama, shi ya sa Sarkin Gwandu yake tsohon birnin Kabawa, Sarkin Kabi kuma yake Argungu. Da yamma aka kai mu wajen Dukku, inda gari ya ƙare fadama ta fara. Rana na faɗuwa bisa ruwa, shanu na dawowa, masu shinkafa na nannaɗe wando. Gaskiya in don gine-gine ne, Birnin Kebbi ba ta da abin da za ta nuna wa Bakanuwa. Kyanta a bakin fadamar nan yake.

A daren ne mahaifiyar ango ta yi abin da ya gama da Gwaggo. Ta ce ta ji an ce asalinku Gwandu, to ba za ku koma ba ku ziyarci hubbaren Malam Abdullahi ba, gobe da kaina zan raka ku. Gwaggo ta dube ta ta ce, "Ke Bakaba, za ki Gwandu ziyara?" Ta ce, "Yaya, malami ai na kowa ne. Littattafansa mazanmu ke karantawa a zaure."

Gwandu ƙaramin gari ne tsakanin duwatsu, gabas da Birnin Kebbi. A nan Shehu da jama'arsa suka zauna daga 1805 kafin ya koma Sifawa, kuma da aka raba kula da daula a 1812, yamma ta faɗo hannun Malam Abdullahi, gabas hannun Muhammadu Bello. A nan ya rasu a 1829, a nan kabarinsa yake. Mu Kanawa muna da rabo a cikinsa, domin akwai lokacin da ransa ya ɓaci da ganin yadda son duniya ya fara shiga jama'a, ya kama hanyar Makka, da ya iso Kano mutanen gari suka riƙe shi, ya zauna ya rubuta musu Diya'ul Hukkam a kan yadda ake mulki da adalci, sannan ya koma. Shi ne kuma mai tafsirin Diya'ut Ta'wil. Ku kuma 'yan makaranta ga taku: Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda aka haifa a 1793, tana 'yar shekara goma sha biyu aka zo Gwandu da ita. A cikin wannan gari, ana yaƙi ana yunwa, ta ci gaba da karatunta, har ta zama malamar da ta kafa 'Yan Taru masu bi ƙauye-ƙauye suna koyar da mata. Wani Bature ɗan Jamus mai suna Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya sauka Gwandu a 1853, a nan ya samu kwafin littafin Tarikhus Sudan na malaman Tumbutu, ya zauna yana kwafar abin da ya iya. Abin mamaki, a cikin littafin nan akwai labarin yadda Kanta ya bijire wa Askiya. Wato tarihin jarumtar Kabawa a ɗakin karatun Gwandu aka adana shi.

Gwaggo ta tuɓe takalmi tun daga nesa. Shekararta sittin da wani abu tana cewa mu 'yan Gwandu ne, ashe ƙafarta ba ta taɓa taka garin ba sai ranar, kuma Bakaba ce ta riƙo hannunta ta kawo ta. Suka tsaya kafaɗa da kafaɗa suna addu'a. Mu muka ja baya muka ba su wuri, don mun ga kafaɗar Gwaggo tana rawa.

Ranar komawa muka biya Argungu sallama. Aka cika mana but da shinkafa, aka kawo kwali guda na bandar kifi. Kakar ango, tsohuwa tukuf mai tsage har wuya, ta sa aka kira mata Gwaggo, ta kama hannunta ta ce, "Ke Bahillata, ku kun amshe muna Birni, mu mun amshe muku ɗiya. An yi kunnen doki ko?" Gwaggo ta ce, "Inna, Birni ai yana nan ba mu kai shi ko'ina ba. Ku ma ku riƙe mana ɗiya haka, kada in ji kada in gani." Tsohuwa ta ce, "Ɗiyata ce, je ki da lahiya."

Amarya ta rako mu har bakin zaure, iyakar inda aka yarda ta tsaya. Ta yi kuka, amma irin na kowace amarya. Ta ce in an sa ranar bikin su za ta aiko mana, mu zo da wuri don a samu wurin zama a gaɓa. Direba ya ce a sa kwalin kifi a but saboda ƙarni. Gwaggo ta ce a'a, zafin but zai lalata shi, a miƙo mata. A cinyarta ta riƙe shi har Kano.